Idan Ma'aunin Bolteji Ya Yi Kuka: Fashin Baƙi Kan Gargaɗin Wuta a Na'urorin Sadarwa

Duk wanda ya taɓa riƙe aikin kula da na'urorin sadarwa, ko a ɗakin kwamfutocin jami'a, ko a banki, ko a kamfanin da ke raba wa jama'a intanet, ya san saƙon nan da kan faɗo wa waya a tsakar dare cewa ma'aunin boltejin wata na'ura ya ƙetare iyaka. Saƙon gajere ne, sunan na'ura ne da sunan ma'auni da lamba guda, a ce 11.2 a inda ake sa ran ganin 12. Wani ma'aikacin yakan zabura ya je ya kashe na'urar ya kunna, wani kuma yakan danna maɓallin shiru ya koma barci, kuma dukansu sun yanke hukunci kafin su saurari shari'ar. Lambar da ta zo ba ta da ma'ana sai an san a wane wuri aka auna ta, da kuma wanda ya sa iyakar da aka ce ta ƙetare.

Bolteji shi ne matsin da ke tura wutar lantarki a cikin waya, kamar yadda matsin ruwa ke tura shi a cikin bututu, kuma da bolt ake auna shi. Abin da ke rikita sabon ma'aikaci shi ne na'ura guda tana ɗauke da bolteji iri-iri a lokaci guda. Wutar da ke fitowa daga soket a Najeriya da Ghana bolt 230 ce ta AC, wato wuta mai kai da komo, a Amurka kuwa 120. Akwatin wutar na'ura, wanda masu gyara suke kira fawa, shi ke juya ta zuwa wutar DC mai tafiya ɓangare guda, yawanci bolt 12. Daga nan wasu ƙananan sassa da ke kan allon na'urar suke sake rage ta zuwa 5, da 3.3, da 1.8, har zuwa bolt ɗaya ko ƙasa da haka, wanda shi manyan ƙwaƙwalen na'urar ke amfani da shi. Kowane mataki daga cikin waɗannan yana iya samun ma'auninsa, shi ya sa babban suwic ko rawta, wato na'urorin da ke haɗa kwamfutoci suna kai saƙonni tsakaninsu, ke iya nuna ma'aunai gommai. Gargaɗin da ya fito daga bakin shigar wuta yana magana ne a kan gini, da janareta, da layin da ya kawo wutar, wanda ya fito daga layin 3.3 na cikin allo kuma yana magana ne a kan lafiyar na'urar kanta. Wanda za a tasa daga barci a kan na farko mai aikin wuta ne, na biyu kuwa injiniyan sadarwa ne, ko ma kamfanin da ya sayar da na'urar.

Ya kamata kuma a fahimci hanyar da lambar ta bi kafin ta iso waya, domin a kan hanyar ne ƙarya take shiga. Mafi yawan manhajojin sa ido, irin su Zabbix, da Nagios, da LibreNMS, da PRTG, suna tambayar na'ura ne da yaren SNMP, wanda ake aiki da shi tun ƙarshen shekarun 1980. Manhajar takan tambayi na'ura ta ƙofa mai lamba 161, sau da yawa bayan kowane minti biyar, ita kuma na'urar tana iya aiko da kukanta da kanta ta ƙofa 162 idan wani abu ya faru. Kowace hanya tana da rauninta. Idan wuta ta nutse na daƙiƙa biyu ta dawo tsakanin tambaya da tambaya, zanen tarihin karatun zai nuna komai lafiya, alhali na'urar ta girgiza. Kukan da na'ura ke aikowa da kanta kuwa, a yadda aka saba aiko shi, babu tabbacin isarsa, kuma lokacin da aka fi buƙatarsa shi ne lokacin da hanyar sadarwar take faɗuwa. Akwai kuma batun ma'aunin lissafi. Ƙa'idar da aka fitar a 2002 mai lamba RFC 3433 ta tanadi cewa na'ura ta aiko da lamba tare da bayanin yadda za a karanta ta, domin tana iya aiko da 3300 tana nufin kashi 3300 cikin dubu na bolt, wato 3.3. Idan manhajar ta kuskure wannan bayani, sai a ga rahoton cewa ƙaramin allo yana ɗauke da bolt dubu uku da ɗari uku, abin da da gaskiya ne da tuni ya zama toka. Irin wannan kuskure yakan bayyana bayan an sabunta manhajar cikin na'ura, saboda haka tambayar ko an taɓa wani abu jiya tana cikin tambayoyin farko.

Batun iyaka shi ne inda na fi ganin ana yaudarar kai. Iyaka tana da tushe uku: wadda kamfanin da ya ƙera na'urar ya dasa a cikinta, wadda mutum ya rubuta da hannunsa, da wadda manhajar sa ido ta ƙiyasta. Ta farko ita ce abin dogaro. A kan manyan kwamfutocin saba, tsarin IPMI na sa ido kan lafiyar kayan cikinsu, wanda ya fito a 1998, ya tanadi iyakoki har shida ga ma'auni guda, uku a sama uku a ƙasa, daga mai jan hankali kawai, zuwa mai haɗari, zuwa wadda ake ɗaukar ba a dawowa daga gare ta. Wadda manhajar sa ido ta ƙiyasta kuwa ita ce mai matsala. LibreNMS, alal misali, idan na'ura ba ta faɗi iyakarta ba, yakan ƙiyasta ta daga karatun da ya tarar ranar da aka fara haɗa na'urar da shi. A ce an haɗa wata UPS, wato na'urar da ke riƙe wuta da batir idan ta ɗauke, da rana tsaka lokacin da wutar unguwa ta yi rauni tana kan 190. Manhajar za ta ɗauki wannan a matsayin lafiyayyen karatu, sannan ranar da wuta ta zo da ƙarfinta na gaskiya, 230, sai ta yi kururuwa cewa bolteji ya yi yawa. Haka nan gurbin akwatin wuta na biyu da ba a taɓa saka komai a cikinsa ba yana iya nuna sifili, manhajar ta ɗauke shi a matsayin wanda ya mutu. A irin waɗannan ne kawai gyara iyaka yake zama magani, kuma ko a nan sai an duba takardar bayanin na'urar an ɗauko lambar daga can.

Idan an tabbatar iyakar ta gaskiya ce, kuma ma'aunin na cikin na'ura ne, to akwai ƙa'idar da za a iya riƙewa a ka. A tsarin ATX da kwamfutoci ke bi, an yarda layukan 12, da 5, da 3.3 su kauce da kashi biyar cikin ɗari sama ko ƙasa. Wato layin 12 yana lafiya tsakanin 11.4 da 12.6, layin 5 tsakanin 4.75 da 5.25, layin 3.3 kuma tsakanin 3.135 da 3.465. Sauran na'urori suna da nasu lambobin, amma ba su cika yin nisa da waɗannan ba. Karatun 11.2 da aka fara da shi ya fita daga wannan da'ira, sai dai shi ma ma'aunin yana da nasa ɗan kuskure, don haka lambar dare guda ba ta isa hujja ba. Abin da ke ba da labari shi ne siffar zanen karatun na makonni ko watanni.

Layin da ke gangarowa a hankali, daga 12.1 a farkon shekara zuwa 11.8 zuwa 11.5, alama ce ta akwatin wuta da ke tsufa. Mafi yawan lokuta kafasitocin da ke cikinsa, wato sassan da ke ajiye wuta na ɗan lokaci, su ne ruwansu ke bushewa, kuma zafi ne ke gaggauta wannan. Masu ƙera su suna lissafin cewa kowane ƙarin digiri goma na zafi yana rage tsawon rayuwarsu da kusan rabi. Wannan lissafi yana da nauyi ga mai kula da na'ura a Kano, ko Sakkwato, ko Yamai, inda zafin bazara ke haura digiri arba'in, ƙurar hunturu kuma ta toshe fankar akwatin wuta ta hana iska wucewa. Shi ya sa bai kamata a karanta zanen bolteji shi kaɗai ba, a ajiye zanen zafi da na gudun fanka a gefensa. Layin da ke sauka duk lokacin da aiki ya yi yawa ya kuma hau idan aiki ya ragu yana nuna akwatin da nauyi ya fara fin ƙarfinsa. Layin da ya faɗi sifili farat ɗaya alhali na'urar tana ci gaba da aiki yana nufin ɗayan biyu, ko ma'aunin ne ya lalace, ko kuma ɗaya daga cikin akwatunan wuta biyu ya mutu ɗan'uwansa ya ɗauki nauyin duka. Layin da ya miƙe sambal tsawon watanni ba ko motsi shi ma abin zargi ne, domin wuta mai rai ba ta zama a lamba guda haka, wataƙila ma'aunin ya daskare a kan tsohon karatu.

Sai tambayar da ke raba gardama cikin minti ɗaya: na'ura nawa ne suka yi kuka a lokaci guda? Idan guda ce tak a cikin kantar jera na'urori da ke ɗauke da goma, laifin yana jikinta ko a igiyar wutarta. Idan duk na kantar ne, a dubi abin da ke raba musu wuta da birekarsa. Idan ginin ne gaba ɗaya, to maganar ta bar hannun injiniyan sadarwa.

Kafin a taɓa komai, a shiga na'urar a tambaye ta kai tsaye, domin a ga ko bakinta ya zo ɗaya da na manhajar sa ido. A na'urorin Cisco umarnin show environment ne ke nuna wannan, a na Juniper show chassis environment, a kan saba kuwa ipmitool sensor yana nuna karatu da iyakoki, ipmitool sel list kuma yana fito da kundin abubuwan da suka faru da lokutansu. Sabobin Dell da HP suna nuna irin wannan ta nasu tsarin sa ido masu suna iDRAC da iLO. A kwafe waɗannan bayanai a ajiye a wani wuri daban, saboda wasu na'urorin suna riƙe kundinsu ne a ƙwaƙwalwar da ke gogewa da zarar wuta ta yanke, kuma shi ne shaidar da kamfani zai nema kafin ya yarda ya sauya kaya.

A ganina babu kuskuren da ya kai kashewa da kunnawa tsada a wannan fanni. Dabara ce da ke aiki a kan manhajar da ta rikice, shi ya sa hannu ya saba da ita, amma akwatin wutar da ya raunana yana iya jan na'ura tsawon watanni matuƙar ba a kashe shi ba, sannan ya kasa tashi daga sanyi, domin lokacin kunnawa ne ake neman mafi yawan ƙarfinsa. Sai a wayi gari an yi gyaran gangar Auzinawa, na'urar da ke aiki da ɗingishi ta zama gawa, ga shi babu madadinta a kusa. Idan na'urar mai akwati biyu ce kuma ana iya zare ɗaya ba tare da an kashe ta ba, to a tabbatar da wanda ya lalace ta hanyar lambar gurbinsa da fitilarsa kafin a ja, domin zare mai lafiyan yana nufin kashe na'urar da hannunka. A kuma duba ko akwatunan biyu daga tushe guda suke shan wuta, abin da ake yawan tararwa, wanda ke mayar da biyun tamkar ɗaya. Buɗe cikin akwatin wuta kuwa ba aikin da za a yi a gaban kantar na'urori ba ne, saboda babbar kafasitar da ke ciki tana iya riƙe wajen bolt ɗari huɗu bayan an zare shi daga soket.

Gargaɗin da ya fito daga bakin shigar wuta wani babi ne, kuma a ƙasashenmu shi ne ya fi yawa nesa ba kusa ba. UPS ce ke ba da wannan labari, kuma tun 1994 akwai ƙa'idar RFC 1628 da ta tsara yadda za ta faɗi boltejin da ke shigo mata, da wanda take fitarwa, da halin batirinta. Bisa ƙa'idar ƙasa da ƙasa, wutar 230 tana lafiya tsakanin 207 da 253. Yawancin akwatunan wuta na zamani an rubuta musu 100 zuwa 240 a jiki, saboda haka wuta mai rauni ba ta kashe su nan take, sai dai idan matsi ya ragu sukan ja wuta mai yawa domin su cike gurbi, igiyoyi su ɗau zafi, bireka ta faɗi. Haɗarin da ya fi ɓoyuwa shi ne UPS ta ga wutar ta fita daga da'irar da aka saita mata, ta koma kan batir shiru, alhali fitilun ɗakin suna ci kuma kowa yana ganin akwai wuta. Bayan minti ashirin ko talatin sai komai ya mutu lokaci guda. Don haka idan gargaɗin raunin wuta ya zo, abin dubawa na gaba shi ne ko UPS tana kan batir, da kuma mintunan da suka rage mata.

Sauya wuta daga layi zuwa janareta yana barin tabonsa a zane kullum a kusan lokaci guda, kuma wanda ya saba da wurin yana gane shi da kallo ɗaya. Akwatin wuta yana iya jure yankewar da ba ta wuce kashi 16 zuwa 20 cikin dubu na daƙiƙa ba, abin da ya wuce haka aikin UPS ne. Idan na'ura tana mutuwa ta tashi duk lokacin da aka sauya, to ko batiran UPS sun gaji, ko ba a haɗa na'urar da UPS ɗin ba kwata-kwata. Akwai kuma yanayi guda da ba ya jiran bincike. A ginin da ke da layuka uku, idan wayar nutural, wadda wutar layukan ukun ke komawa ta cikinta, ta tsinke ko ta saki, sai wani layi ya nutse wani kuma ya yi sama yana neman bolt 400 da ke tsakanin layi da layi. Ganin wasu na'urori suna kukan ƙarancin wuta wasu suna kukan yawanta a daƙiƙa guda shi ne alamar, kuma abin yi shi ne a yanke wutar layi nan take a kira mai aikin wuta, domin a nan kaya ƙonewa suke yi.

Tashoshin wayar salula da ɗakunan kamfanonin sadarwa suna da nasu tsari, wanda ke ruɗa wanda ya taso a kan wutar soket. A can da wutar DC mai suna 48 ake aiki, kuma ana rubuta ta da alamar ragi a gaba, saboda ɓangaren tarawa ne ake haɗawa da ƙasa, al'adar da aka gada daga tsofaffin layukan tarho domin rage cin da tsatsa ke yi wa wayoyi. Suna ne kawai 48. Batiran dalma guda huɗu masu bolt 12 da aka jera, idan rektifaya, wato na'urar da ke juya wutar AC zuwa DC, tana cajinsu yadda ya kamata, karatunsu yana zama ne a wajen 54. Saboda haka wanda ya ga 48 daidai ya yi hamdala ya yi kuskure, domin wannan lamba tana nufin caji ya tsaya kuma tashar tana cin batir. Ƙa'idar Turai ta ETSI ta ce na'urori su yi aiki tsakanin 40.5 da 57, amma a wajen 43 ko 42 akan saita abin da zai yanke batiran domin kada su zube har su lalace. Tazarar da ke tsakanin 48 da 43 ita ce lokacin da ake da shi a tada janareta ko a isa wurin. Alamar ragin ma tana haifar da nata ruɗani, domin a lissafi ragi 54 ya fi ragi 48 ƙanƙanta, kuma manhajar da ba a saita da lura ba takan juya gargaɗin sama ya koma na ƙasa. Inda aka koma batiran litiyam, bolteji ya rage amfani wajen sanin abin da ya saura, saboda karatunsu yana zama kusan wuri guda har sai sun kusa ƙarewa sannan ya faɗi da sauri, don haka gara a karanta kason cajin da kwamfutar batirin ke bayarwa. Idan kuma karatun da ke kan rektifaya ya sha bamban sosai da wanda na'ura ke gani a bakinta, to wutar tana ɓacewa a hanya, ko waya ta yi siriri ko wani noti ya saki, kuma wurin da ya saki yana zafi.

Sauran ƙananan gargaɗin ba sa buƙatar dogon bayani. 'Yan na'urorin SFP da ake cusawa domin haɗa wayar gilashi suna faɗin boltejin 3.3 da suke sha. Idan guda ce ta yi kuka a sauya ta, idan duk na allo ɗaya ne to allon ne. Suwic mai ciyar da kyamarori da akwatunan waya-fai ta igiyar sadarwa yana fitar da tsakanin 44 da 57 bisa ƙa'idar 802.3af ta 2003, kuma raguwarsa takan nuna an ɗora masa fiye da kima. Ɗan batirin CR2032 mai bolt 3 da ke riƙe agogon saba ba ya tada kowa daga barci, sai dai a sauya shi a lokacin gyara na gaba, kafin wata ɗaukewar wuta ta mayar da agogon shekaru baya.

Abin da ke kashe tsarin sa ido a wurin da ake ɗauke wuta sau da yawa a rana shi ne yawan kuka. Idan waya tana ƙara sau hamsin a yini a kan abin da janareta zai gyara cikin minti ɗaya, ma'aikaci zai daina dubawa, kuma gargaɗi na hamsin da ɗaya, wanda ke cewa akwatin wutar babbar rawta yana mutuwa, zai wuce tare da sauran. Ana rage wannan ta hanyar sa manhajar ta jira karatu biyu ko uku a jere kafin ta aika saƙo, da kuma raba iyakar tashin gargaɗi da ta kwanciyarsa, domin karatun da ke rawa a bakin iyaka kada ya riƙa kunnawa yana kashewa. Komawar UPS kan batir ta zama abin rubutawa a kundi kawai, daɗewarta a kai fiye da mintunan da janareta ke buƙata kuma ta zama abin tada mutum. Gargaɗin layukan cikin na'ura da na yawan bolteji kada a sassauta musu ko kaɗan. Sannan a gwada tsarin kansa: a lokacin gyara da aka sanar, a zare akwatin wuta guda da gangan a ga ko saƙo zai zo da kuma minti nawa zai ɗauka. A wannan gwaji ne wasu ke gano cewa kwamfutar da ke sa idon tana shan wuta daga UPS ɗin da take gadi, saƙonta kuma yana bi ta rawtar da take gadi, wanda ke nufin tana buƙatar batirinta daban da kuma layin waya na kanta da za ta aika saƙo ta kansa.